Rediyo mai memori da na saya wa Inna bayan ɗakinta ya rushe

Tun ranar da Inna ta fita da shi sujadar godiya, mutum ya fi goma da suka tare ni, wasu a bakin coci, wasu a kasuwa, tambayarsu ɗaya: Malam, rediyon nan na tsohuwa nawa ka saye shi, kuma yana da ƙarko? Na gaji da ba da amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Yanzu shekararsa ɗaya da wata biyu a gidanmu. Ya sha ƙurar hunturu, ya sha zafin bazara, sau biyu yana faɗowa daga kan turmi. Ɗokin sabon abu ya daɗe da sakina.

Sai dai in ban faɗi dalilin sayensa ba, ba za a gane da wane ma'auni nake auna shi ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Sumaila. Ɗakin Inna soro ne na ƙasa, rufin azara, marigayi Baba ne ya gina shi tun ina goye. A watan Agusta na 2024 aka shiga marka, ruwa ya kwana biyu yana zuba, ba mai ƙarfi ba, irin mai nacin nan da yake jiƙa gini har cikin ƙashinsa. Ashe indararon ya toshe ba mu sani ba, ruwa ya kwanta a saman soron. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, akuyar Inna da ke ɗaure a bayan ɗaki ta yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa. Tsohuwa ta yi tsaki, ta laluba sandarta, ta fita don ta mayar da ita ƙarƙashin rumfa. Tana cikin kwance igiya ke nan muka ji rim! kamar an jefar da buhu ɗari lokaci guda.

Na fito ba ko riga. Inda ɗaki yake sai tudun laka. Ni da ƙanena muka faɗa kai da hannu muna tono muna kiran Inna, matata tana ihu, kafin ka ce kwabo maƙwabta sun cika gida da fartanya da tocila, har da 'ya'yan Baffa da samarin gidan Liman, don a garinmu Kirista da Musulmi kaka ɗaya suka haɗa. Mun ɗaga azarar da ta faɗa daidai kan gadonta, ta raba shi biyu, ba kowa a ƙasa. Sai muka ji murya daga cikin duhu, can gefen rumbu: “Wai wa kuke nema ne?” Tana tsaye cikin ruwa, igiyar akuya a hannu. Ta ce tun ɗazu take son magana, harshen ne ya ƙi ɗagawa.

Abin da aka tono washegari ba shi da yawa. Kwallaye sun lotse, tukwane sun farfashe, akwatin zannuwa ya tsira. Littafi Mai Tsarkinta kuwa ya sha laka har ya kumbura. Tsohuwar fassarar nan ce ta 1932, wadda Likita Miller da abokan aikinsa suka yi, mai baƙin bango, tun ranar baftismarta take tare da shi. Mun shanya shi a kan zana kwana huɗu, ganyayen suka manne suka zama kamar ƙosai ɗaya. A gaskiya ta yi shekaru ba ta karanta shi da idonta. Yanar ido ta kama ta, an yi mata aikin ido ɗaya a asibitin ido na ECWA da ke Kano, tana ganin mutum tana ganin hanya, amma baƙaƙen rubutu sun fi ƙarfinta. Jikoki ne ke karanta mata in an dace an kama su, ita kuma ta rungume littafin a cinya tana bin su da ka.

Bayan wannan dare sai buƙatarta ta ƙaru. Safe Zabura, rana Zabura, dare Zabura. Yara suka fara zillewa, da sun ji ƙarar sandarta sai kowa ya tuna an aike shi. Ni kuma ina makaranta har azahar, daga nan gona. Da aka biya albashin Satumba na hau mota zuwa Kano.

A kasuwar Sabon Gari na saye shi, layin masu kayan lantarki. Mai shago ya ce dubu goma sha uku, muka daidaita a ₦9,500, memori mai giga 8 kuma ₦3,000. Ba zan wahalar da kowa da sunan da aka rubuta a jikinsa ba, domin a shago ukun da na shiga na ga jiki iri ɗaya sak da suna uku daban-daban. Yara MP suke ce masa. Girmansa bai wuce sandar sabulun wanki ba. Yana da eriya mai zuƙewa, tocila a gefe ɗaya, ramin memori, ramin filas, ɗan gilashi mai nuna lamba da jan haske, farantin sola a baya, da batir guda mai cirewa, dogon nan 18650 irin na tocila. Abin da ya sa na zaɓe shi na bar waɗanda suka fi shi kyan gani da kauri murya shi ne jerin madannai goma a samansa, daga 1 zuwa 0. Duk wanda zai saya don sauraron Littafi Mai Tsarki, in bai riƙe komai daga rubutun nan ba ya riƙe wannan: wanda ba shi da madannan lamba, a bar wa mai shago kayansa. In ba haka ba, kafin ka isa Zabura daga Farawa sai ka danna “gaba” sau ɗari huɗu da saba'in da wani abu.

Kuskuren farko nawa ne. Fasto yana da karatun Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa a filas, sura-sura. Na karɓa, ranar kasuwa na kai wa wani yaro mai tura finafinai da waƙoƙi a ƙarƙashin lema, na ce ya juye min a memori, ya ƙara da waƙoƙin yabo da ke wayata. Ya karɓi ₦500, ya ce ya ma yi min gyara. Ban tambayi wane irin gyara ba.

Da dare Inna ta tara gida kaf, aka shimfiɗa tabarma, ta yi addu'a a kan rediyon kamar an kawo sabuwar amarya. Na kunna. Farawa sura ta ɗaya ta fito tas, kowa ya yi tsit. Tana ƙarewa sai ga Ayuba yana tsakiyar kukansa. Muka ce to. Ayuba na yin shiru sai kiɗan fiyano ya ɓarke, wani saurayi ya shiga rantse wa budurwarsa cewa in ba ita ba sai rijiya. Yara suka kwashe da dariya har da birgima. Inna ta karkato kunne, ta saurara sosai, sannan ta ce, “Malam, wannan kuma wace sura ce?” Ni ne ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, tun da na fara koyarwa ta samu mafita. Gyaran da yaron ya yi min ke nan, waƙoƙin fim guda arba'in.

Amma hargitsewar surorin ba laifinsa ba ne shi kaɗai, halin irin waɗannan rediyoyi ne, kuma mai shago ba zai gaya maka ba. Ba sa karanta sunan fayil. Lissafinsu shi ne wanda ya riga shiga memori shi ne na ɗaya, mai bi masa na biyu, haka har ƙarshe. In aka kwashi fayil dubu aka watsa lokaci guda, yadda kwamfuta ta ga dama haka za ta jera su, rediyo kuma ya bi. Maganin abin ɗaya ne: a goge memorin tas, a riƙa turawa littafi bayan littafi bisa tsari, kada a fara na gaba sai na baya ya gama shiga, waƙoƙi kuma a bar su sai ƙarshe. Na ari kwamfutar hedimasta na yi wannan aiki, ya ci min yamma biyu.

Da zarar an jera shi daidai, sauran lissafi ne irin na 'yan aji huɗu. Littattafai 66 ne, surori 1,189, Tsohon Alkawari 929, Sabo 260. Kafin a kai Zabura akwai littattafai 18, daga Farawa zuwa Ayuba, surorinsu 478. Saboda haka kowace Zabura kake so, ƙara mata 478. Zabura 23 ita ce 501, Zabura 91 ita ce 569, ta 103 tana 581, ta 121 tana 599, ta 124 kuma 602. Matiyu yana farawa a 930. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a danna 479: in aka ji Zabura ta ɗaya, aiki ya yi, in aka ji wani abu daban, to akwai fayil ɗin gabatarwa da ya shige tsakani, ko wata sura ta faɗi a hanya. Duka karatun nan bai cinye rabin memorin ba, don haka kada a bari mai shago ya lallashi mutum ya sayi babba.

Na rubuta lambobin a kwali na manna a bango, sai daga baya na tuna wadda na yi wa ba ta ganin kwalin. Ba ta ma buƙace shi ba. Cikin mako biyu ta haddace nata. Da asuba 581, wadda take cewa rai ya yabi Ubangiji, kada ya manta da alheransa. In wani zai yi tafiya, ko da kasuwar gaba ce, sai ya tsaya a ƙofar ɗaki an kunna masa 599, mai maganar Mai tsaron da ba ya gyangyaɗi, mai kiyaye fita da shiga. Da dare 569. Ita kuwa 602 tata ce ta kanta, ba ta kunna wa kowa, sai in ta zauna ita kaɗai.

A nan ne babban aibin rediyon ya fito, kuma har yau yana ba ni haushi. Madannan ƙanana ne kamar ƙwayar wake, a jere reras, duk santsi ɗaya. Tsofaffin wayoyi masu madannai suna da ɗan tudu a kan lamba 5 don mai laluba, wannan babu. Na ɗiga mata gam a kan 5 ya bushe ya yi ƙullutu, daga nan take ƙirga hagu da dama da babban yatsa. Wannan ya warware rabi. Ɗaya rabin ba shi da magani: in ka danna lamba ta farko, bai fi daƙiƙa biyu yake jiranka ba. Yatsan tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya ba ya wannan gudun. Ta danna 5, tana laluben 6, sai kawai ya ɗauka ta gama, ya kai ta Farawa 5, wane ya haifi wane, ya yi shekara kaza ya mutu. Ba na jin akwai wanda ya kai Inna jin labarin Metusela da shekarunsa 969 a duk ƙasar Kano. In ta yi sa'a ta kai 56 kafin ya yanke, sai ta faɗa Fitowa 6, can ma jerin zuriya ke jiranta a tsakiya. Takan ce, “Na ji, na ji, Allah ya ji ƙansu, ba wajenku na zo ba,” ta sake daga farko. Wanda ya ƙera abin nan da ya ƙara daƙiƙa uku kacal, da na ba shi cikakken maki.

Murya kuwa, in karatu ne, ba ni da ƙorafi. A ɗaki ko a tsakar gida ana jin kowane harafi, ko ana daka. Waƙa ce ba ya iyawa sosai. Waƙoƙin Zumuntar Mata daɗinsu yana cikin gumzar tulu, shi kuma lasifikarsa ƙarama ce, sai caki da muryoyi suke fitowa, tulun ya ɓace. In aka ƙure ƙara sai ya fara karkarwa kamar an sa tsakuwa a gwangwani. Rabin ƙara ya ishe shi.

Karatun da ke ciki ba fassarar da Inna ta haddace ba ce, ta baya ce, wadda ta fito bayan kusan shekara hamsin. Inda ta san Matta sai ta ji Matiyu, inda ta san Ru'ya ta Yohanna sai ta ji Wahayin Yahaya, Littafin Lissafi ya koma Ƙidaya. Makon farko musu ta yi ta yi da mai karatun, yana faɗa tana gyara masa. Yanzu sun saba, shi ya faɗi nasa ita ta faɗi nata, kuma takan riga shi kaiwa ƙarshen aya. Mawaƙan da na zuba mata yawancinsu mutanen Jos ne da kudancin Kaduna, waɗanda ba su cika damuwa da ƙ da ɗ ba. Akwai wata waƙa da ake cewa Shaiɗan uban ƙarya ne, mawaƙin ya saki ƙugiyar, sai ya zama uban karya. Duk sanda aka zo wurin sai Inna ta ce, “To, wannan ma ya dace da shi.” Ba raini ba ne. Mutanen nan su suka riƙe waƙar coci da Hausa shekara da shekaru, mu masu harshen muna 'yan tsiraru a ƙauyuka.

Farantin sola ado ne. In faɗa ƙarara, don shi ne abin da mai shago ya fi yi min talla da shi. Faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Na gwada da hunturu: batir ya mutu, na ajiye shi a rana daga hantsi har la'asar sakaliya, abin da ya ba mu bai kai awa ɗaya da rabi ba. Da bazara ƙanena ya ɗora shi a kan kwano don ya fi samun rana, muka dawo muka tarar murfin baya ya lanƙwashe, yanzu da kyauro muke ɗaure shi. Zafi irin wannan ma yana kashe batirin. Caji na gaskiya sai wajen mai caji, da ₦100 ne yanzu ₦200, ko ranar Lahadi a jona shi a solar coci. Yana sabo, cikakken caji yana kai kwana biyu a hannun Inna, wato wajen awa shida na sauraro. Bayan wata takwas ya dawo awa biyu. Na sayi wani batirin ₦1,500 na zura, ya koma kamar da. Wannan shi ne amfanin batir mai cirewa, kuma shi ne abu na biyu da zan ce a duba kafin a biya kuɗi. Bakin cajin irin na da ne, siriri, ya fara sakwarkwacewa, sai an tokare wayar da dutse.

Akwai kuma Baturiyar. Duk sanda aka kunna shi sai wata mace ta yi magana da Turanci, da ƙarfi, ko an rage ƙara ko ba a rage ba, tana sanar da ko memori ne ko Bluetooth. Da rana ba komai, Inna har amsa mata take yi, “Lafiya lau, ya gajiya.” Da asuba ne matsala, gari tsit, katangarmu ɗaya da gidan Baffa, su kuma lokacin sallarsu ne. Ba wanda ya taɓa yi mana magana, amma Inna ba ta son abin da zai sa a yi. Sai ta naɗe shi a cikin zane, ta danne a ciki, ta kunna, Baturiya ta gama surutunta a ƙunshe, sannan ta fito da shi.

Ɓangaren rediyo ba yabo ba fallasa. Tashoshin FM na Kano suna kamuwa in an zare eriya duka, sun fi fitowa da dare. Gajeren zango yana kawo BBC da shuuu a bayansa. Inna ta sa na yi ta murɗawa ina nemar mata ELWA, tashar da mishan ɗin SIM suka buɗe a Monrobiya ta ƙasar Laberiya a 1954, wadda suke taruwa su ji a rediyon mai bishara suna 'yan mata. Na gaya mata yaƙin Laberiya ya rufe bakin wannan tasha a 1990, kuma abin da take tunawa ba zai fito a nan ba. Ta ce in dai ƙara murɗawa.

Tocilar tana da haske, tana kuma shan batir. Na so in hana amfani da ita, sai na lura da abin da take yi da ita. Mun sake gina mata ɗaki, wannan karon da rufin kwano. Duk da haka, daminar bana, da hadari ya haɗu da dare Inna ba ta kwanciya. Takan jawo kujera 'yar tsugune bakin ƙofa, ta haska bango kusurwa-kusurwa, ta kashe, ta kunna 569, mai maganar razanar dare da fakewa a ƙarƙashin fikafikai. In ta ƙare ta sake. Wani dare na fito na ce, “Inna, ginin nan sabo ne, ki kwanta.” Ta ce, “Na sani, Malam. Zuciyar ce ba a sake mata gini ba.” Na koma na bar ta. Mutumin da yake gode wa Allah da gaske yana iya kasancewa da sauran tsoro a jikinsa, na ga wannan da idona, ban kuma ga ɗaya ya kori ɗaya ba. Ruwan kwano yana da ƙara, a irin wannan dare sai ta kanga rediyon a kunne.

Sujadar godiyar an yi ta ne a Nuwamban bara, aka haɗa da godiyar kaka, lokacin an fara yankan dawa. Cocinmu na ƙasa ne da rufin kwano, manya ba mu fi saba'in ba. Da aka kira Inna, matan Zumunta suka tashi da anko suka rako ta gaba da tulu da caki da guɗa, tana tafe tana dogara sanda tana ɗan rausaya. Baikonta kwanon gyaɗa biyar ne da ɗan akuya. Akuyar nan ta haifi tagwaye bayan abin da ya faru, ta ware ɗaya tun ranar haihuwa ta ce na Ubangiji ne. Uwar kuwa mahauta sun taya har sau biyu, ta ce ko za a cika mata ɗaki da kuɗi ba ta sayarwa. Fasto ya yi wa'azi a kan Luka 17, kutare goma da aka warkar, ɗaya tak ya komo ya yi godiya. A wurinmu wannan ba labarin nesa ba ne. Tsofaffinmu da dama a wurin jinyar kuturta suka fara jin bishara, a Yadakunya da ire-irenta, inda ma'aikatan SIM suka yi aiki tun shekarun 1930, kuma kawun Inna yana cikinsu. Fasto ya kuma tsokani Inna da cewa Allahn da ya buɗe bakin jakar Bal'amu bai gaza da bakin akuya ba. Wanda yake son duba wannan, Ƙidaya 22 ce, lamba 139.

Ta ba da shaidarta a gajarce, ba ta kai minti uku ba. Sannan ta ce ba ta da idon karatu, amma ta zo da mai karanta mata. Ta miƙo min, don kada Metusela ya ba mu kunya a gaban jama'a. Na danna 602 na ɗaga shi sama. Zabura 124 gajeriya ce, aya takwas: da ba don Ubangiji yana wajenmu ba, da ruwa ya shanye mu, da rigyawa ta bi ta kanmu, mun kuɓuta kamar tsuntsu daga tarkon mai farauta, tarkon ya tsinke. Benci biyar na gaba sun ji sarai. Na baya sun ce sun ji ana magana ne kawai, abin da ya kai musu shi ne muryar Inna, don tana biye da shi da tsohuwar fassararta, da ƙarfi. Saboda haka masu tambayata ko zai yi wa ƙaramar coci aikin lasifika, a'a, ba zai yi ba. Abin ɗaki ne.

Lamba 1190, wato ta farko bayan Wahayi ya ƙare, waƙar Inna ce. Ita ta ƙaga ta tana sheƙar gero, matan Zumunta suka karɓa, matata ta ɗauka da waya ranar taronsu na mako, na zuba a memori kafin sauran waƙoƙi. Ga kaɗan daga ciki:

Ruwa ya ci ɗaki, bai ci mai ɗaki ba,
Na gode, Yesu.
Azara ta sami gado, ba ta sami mai gado ba,
Na gode, Yesu.
Da bakin akuya ka kira ni waje,
Me zan ba ka, Uba?

Ɗaukar ba ta yi kyau ba, akwai kukan jariri a ciki da tarin wata tsohuwa. Ran da ta fara jin muryarta tana fitowa daga akwatin, rufe fuska ta yi da mayafi ta ce a kashe. Yanzu in baƙi suka zo yi mata barka, ita da kanta take cewa a sa musu.

Akwai hasara ɗaya da ban hango ba, kuma ba a rubuta ta a kwali ba. 'Yata ta biyu, mai aji biyar, a gaban kakarta ta iya karatun Hausa, don tsohuwa ba ta barin kuskure ya wuce ko da ba ta ganin shafin. Da rediyo ya zo sai aka daina nemanta, ita ma ta ji daɗi. Wata shida bayan haka na ba ta littafi a aji na ji tana tuntuɓe a kalmomin da da take wucewa a guje. Ni malami ne, abin ya dame ni. Yanzu ranar Lahadi da yamma rediyo yana hutawa, yarinya ta ɗauki sabon Littafi Mai Tsarki da muka saya ta karanta sura biyu. Su biyun duka sun yi min ƙorafi, ban janye ba.

To, a saya ko kada a saya? In don tsoho ne ko tsohuwa da ido ya gaza, ko wanda bai yi makaranta ba, a saya, kuɗinsa bai kai na buhun taki ba, kuma ya biya kansa a gidanmu tun watan farko. Amma a ɗauka cewa sola babu, a tanadi kuɗin caji da na batir na biyu, kuma kada a miƙa memori ga mai turawa a juya baya. Da zan sake daga farko, memori biyu zan saya. Ɗaya Zabura zalla, guda 150, yadda lambar rediyo za ta zama lambar Zabura, 91 ta zama 91 ba wani lissafi. Ɗayan kuma a zuba sauran.

Na kawo wa Inna wannan shawara watan jiya, saboda madannin 5 ya fara gajiya. Kusan duk abin da take so da shi yake farawa, sai an danna da ƙarfi yanzu yake amsawa, mai gyaran waya kuma ya duba ya ce ba a samun irinsa. Na ce in na sake jeri ba za ta ƙara buƙatar 5 sosai ba. Ta ƙi. Ta ce ta sha wahala ta haddace, ba mai rikita mata. Ranar nan ma na ji tana gaya wa Uwar Zumunta cewa in tsoro ya kama mutum da dare ya karanta Zabura ɗari biyar da sittin da tara, baiwar Allah ta yi ta juya shafi tana nema.

Asabar mai zuwa zan shiga Kano in nemo wani. Ta ce in kawo irinsa sak, in zo da gam, kuma kada in cire memorin daga tsohon sai tana zaune a wurin.